Abin da Gara Ta Ci a Littafin Lissafi

Gara ba ta iya karatu ba, amma idan ta shiga littafi sai ka rantse ta san layin da zai fi ɓata wa mai shi rai. Littafin da nake magana a kai na rubutu ne, na darasin lissafi. Mai shi ɗan ƙanwata ne, ya gama sakandare shekarun baya ya tafi birni neman na kansa, ya bar littattafansa cikin kwali a wani ɗakin ƙasa a Ajingi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Da ƙanwarsa ta kai ajin ƙarshe, jarrabawar WAEC da NECO suka tunkaro, sai ta tono kwalin, ta kwaso abin da ya saura, ta taho da shi wurina a Gaya lokacin hutu. Burinta ta shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ke nan kusa da mu a kan hanyar Kano, kuma ta san ba a shiga can sai da kiredit a lissafi.

A tsakiyar wani shafi, ga abin da ya rage:

x² . . . . . . = 0

x = 3 + √5 ko . . . . . .

"Kawu, dubi abin da ta yi mini," in ji ta. "Ta cinye tambayar, ta bar mini rabin amsa."

Ga wanda ya daɗe rabonsa da aji, bari in tuna masa. Irin wannan ikweshan, wanda 'yan makaranta ke kira kwadiratik, siffarsa ita ce x² + px + q = 0. Ita x ce lambar da ake nema, x² kuwa x sau x ke nan. Su p da q lambobin rakiya ne, malami ne ke bayar da su. A al'ada a ba ka p da q ka nemo x, kuma galibi amsa biyu ake samu. Ita kuma √5, saiwar biyar, ita ce lambar da in ka ninka ta da kanta za ka sami 5. Kalkuleta za ta nuna maka 2.2360679 ta tsaya, ba don lambar ta ƙare ba, sai don gilashin ya cika. To gara ta juya mana aikin baibai: ta ɗauke p, ta ɗauke q, ta ɗauke amsa ta biyu. Abu uku sun ɓata, abu ɗaya ya saura.

Yarinyar ba ta ɗauki rami na biyu a bakin komai ba. Ta ce, "Wannan mai sauƙi ne. Malaminmu ya ce idan amsa ɗaya 3 + √5 ce, ɗayar 3 − √5 ce. Alama kawai ake canzawa."

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce, "Haka ƙa'idar take."

Sai na karɓi biro na rubuta mata wannan a bayan wata takarda:

x² − (4 + √5)x + (3 + √5) = 0

Na ce ta sa 1 a gurbin x. Ta sa: 1, a ɗebe 4, a ɗebe √5, a ƙara 3, a ƙara √5. Sifili. Na ce ta gwada 3 + √5. Ta ɗan jima tana ninkawa, ita ma ta ba da sifili. Ga ikweshan nan cikakke, yana farawa da x², yana ƙarewa da sifili, amsarsa ta farko ita ce tamu, amma ta biyun 1 ce, ba ruwanta da canza alama. Kuma ba 1 kaɗai ba. Kowace lamba ka ga dama, 7 ko 100 ko rabi, ana iya gina ikweshan da zai haɗa ta da 3 + √5. Ta yaya muka san ba ɗaya daga cikin waɗannan yayanta ya rubuta ba?

Ta yi shiru tana juya littafin. Can sai ta ɗora yatsu biyu a kan ramin farko, suka rufe shi ruf. Ta ce, "Rubutun Yaya manya-manya ne. Wannan dogon abin da ka rubuta, da bakansa da komai, ba zai shiga nan ba." Wannan lura ta burge ni, don ta fi haddar da ta zo da ita daraja. Amma faɗin rami ba hujja ba ce a lissafi. Ya dai nuna mana cewa abin da aka ci gajere ne, kuma ya sa muka koma baya muna duba shafukan da suka gabata.

A shafin da ya gabaci namu, can sama, ƙarƙashin kwanan watan da shi ma gara ta gutsure, akwai layi ɗaya da Turanci wanda yayanta ya kwafo daga allo. Ma'anarsa ita ce, a dukkan tambayoyin da ke biye, lambobin rakiya cikakkun lambobi ne. Wato irin su 2, 15, 0, −6: babu ɓari, babu saiwa. Ta ce ta ga layin tun a gida, ta tsallake shi, don ba tambaya ba ce. Kusan kowane ɗalibi haka yake yi da irin wannan layi.

Da wannan sharaɗi ikweshan ɗina na ɗazu ya faɗi, domin 4 + √5 ba cikakkiyar lamba ba ce. Amma korar mutum ɗaya ba ta nuna mai gaskiya. Sai muka bar maganar amsa ta biyu gaba ɗaya, muka riƙe abin da muka tabbatar kawai: 3 + √5 amsa ce, saboda haka in aka sa ta a gurbin x dole a sami sifili.

Da farko x². A ninka 3 + √5 da kanta: 3 sau 3 tara; 3 sau √5 ya zo sau biyu, wato 6√5; √5 sau √5 biyar. Jimla 14 + 6√5. Sannan px, wato 3p + p√5. Sannan q ita kaɗai. Muka ware masu ɗauke da √5 gefe guda, marasa ita gefe guda:

(14 + 3p + q) + (6 + p)√5 = 0

Nan ta ajiye biro. "Kawu, ikweshan ɗaya ne, abin nema biyu. An ce mana ba ya yiwuwa." Ta yi gaskiya a mafi yawan lokuta. In na ce maka lamba biyu jimlarsu 10, ban faɗa maka komai ba tukuna: 1 da 9 ne, ko 4 da 6, ko wasu. To me ya sa wannan zai bambanta?

Dubi abin da ke cikin bakan nan biyu. Tun da p da q cikakku ne, abin da ke cikin baka na farko cikakkiyar lamba ce, na biyun ma haka. A ce 6 + p ba sifili ba ce. To ana iya raba komai da ita, a bar √5 ita kaɗai a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma cikakkiyar lamba bisa cikakkiyar lamba. Wato √5 za ta zama kaso ke nan, irin su 3 bisa 4 ko 22 bisa 7. Duk al'amarin ya rataya a kan tambaya ɗaya: shin √5 tana rubutuwa a matsayin kaso?

Na bar ta ta yi farauta da kalkuleta. Ta fara da 9 bisa 4. In 9 bisa 4 ce saiwar biyar, to 9 sau 9 ya kamata ya yi daidai da 5 sau 4 sau 4. Na farko 81, na biyu 80. Saura ɗaya. Na ba ta 38 bisa 17: 1444 da 1445. Saura ɗaya, ta ɗaya gefen. Na ba ta 161 bisa 72: 25921 da 25920. Har yanzu ɗaya. Ta ce tabbas in aka ci gaba za a dace wata rana. Wannan zato ne mai kyau, kuma ƙarya ne, kuma ba sai an gwada lambobin duniya duka ba kafin a san haka.

Kowace cikakkiyar lamba da ta fi ɗaya tana warwaruwa zuwa ƙananan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, kuma hanyar warwarewar guda ce tak. Hamsin ita ce 2 sau 5 sau 5: biyar-biyar guda biyu ke cikinta. Goma sha biyar ita ce 3 sau 5: guda ɗaya. Tara babu ko ɗaya. In ka ninka lamba da kanta, adadin biyar-biyar ɗinta ya ninka biyu: hamsin sau hamsin tana da huɗu, sha biyar sau sha biyar tana da biyu, tara sau tara babu. Kullum adadin cika ne, yana rabuwa biyu daidai ba ragowa. Yanzu a ce √5 ita ce a bisa b. To a sau a daidai yake da 5 sau b sau b. A hagu adadin biyar-biyar cika ne. A dama, b sau b ta kawo cika, ga kuma ƙarin guda ɗaya a gaba, ya zama mara. Lamba ɗaya ba za ta ƙunshi biyar-biyar cika kuma mara a lokaci guda ba. Saboda haka babu a, babu b. Ko wane kaso ka kawo, kusa zai yi, ba zai taɓa dacewa ba.

Na daɗe a kan wannan da gangan, domin shi ne ginshiƙin, kuma shi ne abin da ba a cika tsayawa a kansa ba a aji. Ban ga laifin malamin da ke da ɗalibai cike da ɗaki da manhaja mai tsawo ba idan ya ce "a canza alama" ya wuce. Amma yaron da aka ba rabin ƙa'ida zai yi amfani da ita inda ba ta aiki, kuma ba zai san ya ɓata ba.

Tun da √5 ba kaso ba ce, zaton da muka fara da shi ya rushe. Dole 6 + p ta zama sifili, wato p ita ce −6. In haka ne, abin da ke baka na biyu ya ɓace, na farkon ma dole ya zama sifili: 14, a ɗebe 18, a ƙara q. Wato q ita ce 4. Ikweshan ɗaya ya haifi biyu, saboda cikakkun lambobi da √5 ba sa iya biyan bashin juna. Kowane ɓangare sai ya kashe kansa da kansa.

x² − 6x + 4 = 0

Ta rubuta "− 6x + 4" da manyan baƙaƙe a gutsuren takarda, ta tura ƙarƙashin ramin. Ya zauna daidai.

A lura, har zuwa nan ba mu taɓa 3 − √5 ba. Mun cike ramin farko ba tare da ƙa'idar malaminta ba. Yanzu sai rami na biyu. Na ce ta maimaita aikin ɗazu da 3 − √5, ta bar p da q a matsayin baƙaƙe. Ta samu:

(14 + 3p + q) − (6 + p)√5

Baka biyun nan su ne na ɗazu sak, alamar tsakiya kawai ta juya. Mun riga mun san kowannensu sifili ne, kuma sifili a ɗebe sifili ai sifili ne. Ashe 3 − √5 amsa ce. Tun da irin wannan ikweshan ba ya wuce amsa biyu, ita ce abin da gara ta ci. Malaminta ya yi gaskiya, amma gaskiyarsa tana tsaye ne a kan layin nan da ta tsallake.

Akwai dalili mai zurfi kaɗan a ƙarƙashin wannan. Koma ka duba duk ninke-ninken da muka yi. Wane hali na √5 muka yi amfani da shi? Ɗaya ne kawai: in an ninka ta da kanta a sami 5. Ba mu taɓa buƙatar 2.236 ba, ba mu tambaya ko tana sama da sifili ko ƙasa ba. To −√5 ma in an ninka ta da kanta 5 ake samu. Ta fuskar tarawa da ninkawa da cikakkun lambobi, su biyun Hassan da Husaini ne da suka yi kama har ba a bambance su: duk ikweshan mai cikakkun 'yan rakiya da ya karɓi ɗaya, ya karɓi ɗayan, don ba shi da idon da zai gane wane ne wane. Nawa na farko ya iya korar ɗaya ne saboda shi kansa yana ɗauke da √5 a jikinsa, ya riga ya zaɓi gefe.

Da zarar an fahimci wannan, hanyar jarrabawa gajeriya ce. Idan amsoshi biyu su ne r da s, ikweshan shi ne (x − r)(x − s) = 0, wanda in an buɗe shi ya zama x², a ɗebe jimlarsu sau x, a ƙara abin da ninkinsu ya bayar. Wannan dangantaka tsakanin amsoshi da 'yan rakiya ana jingina ta ga Bafaranshe François Viète, wanda ya rasu a 1603, sannan Albert Girard ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1629. A namu, jimlar 3 + √5 da 3 − √5 ita ce 6, saiwoyin sun cinye juna. Ninkinsu kuwa 9 a ɗebe 5, wato 4. Layi biyu an gama. Ramuka biyu ne ɗalibai ke faɗawa a nan. Wasu su manta cewa jimlar tana shiga da alamar ɗebewa, su rubuta x² + 6x + 4, wanda amsoshinsa −3 + √5 da −3 − √5 ne, wani gida dabam. Wasu kuma su tara 9 da 5 su sami 14 a maimakon 4. Mai shirya tambayar zaɓi ya san da su, kuma yakan ajiye musu waɗannan amsoshi a jere suna jira.

Akwai ma wadda ta fi wannan gajarta. Rubuta x = 3 + √5. Mayar da 3 hagu: x − 3 = √5. Ninka kowane gefe da kansa: x² − 6x + 9 = 5. Ɗebe 5. Shi ke nan. A nan ana ganin daidai ƙofar da ɗan tagwayen ya shigo: lokacin da aka ninka √5 da kanta, alamarta ta ɓace, kuma ba abin da ya saura da zai nuna wacce ce aka fara da ita.

Sai ta yi tambayar da na san tana tafe. "To Kawu, in ba don jarrabawa ba, wa ya taɓa ganin 3 − √5 da idonsa?"

Na ce duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabon gado a ƙauyukanmu ya ga irinta. Ɗauki gona mai kusurwa huɗu, a auna da igiya. Tsawo da faɗi in an haɗa igiya 6 ne, girman filin kuma murabba'in igiya 4. Da tsawo da faɗi ɗaya ne, da 3 da 3 ne, girman ya zama 9. Namu bai kai haka ba, saboda haka an ja tsawon ya wuce 3 da wani abu, faɗin kuma ya gaza 3 da wannan abin dai. Kira shi d. Ninkin 3 + d da 3 − d shi ne 9 a ɗebe d sau d, kuma an ce 4 ne. Ashe d sau d 5 ne. Tsawon gonar 3 + √5, faɗinta 3 − √5. In igiyar mita 10 ce, tsawo ya kama mita 52.36, faɗi mita 7.64, fili murabba'in mita 400. Siririn yanki ne mai tsawo, irin wanda ke fitowa idan an tsaga gonar uba tsakanin 'ya'ya da yawa, kowa ya sami kunyoyinsa na gero da wake daga wannan baki zuwa wancan. Amsa ta biyu ba baƙuwa ba ce da aka jefo daga sama. Faɗin gonar ce. Ikweshan ya san jimla ya san ninki, amma ba wanda ya gaya masa wane gefe ne tsawo, sai ya ba da duka biyun. Marubutan Babila sun bar irin wannan tambaya ta tsawo da faɗi da girman fili a kan allunan yumɓu tun kusan shekara dubu huɗu da suka wuce, kuma da rabin jimla suke farawa, kamar yadda muka fara da 3.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban kaso na littafin a kan lissafin wasiyya da gado yake. Bai yi aiki da lambobin ƙasa da sifili ba, bai kuma yi amfani da baƙaƙe irin su x ba, da kalmomi yake bayani. Da shi ne zai rubuta namu, da ya mayar da shi x² + 4 = 6x, don kada a ga ɗebewa. Ya kasa ikweshan gida shida, kuma wannan gidan, inda murabba'i da lamba suke daidai da wasu adadin x, shi ne wanda ya nuna cewa ana iya samun amsa ta hanyar ƙari da kuma ta hanyar ragi. Misalinsa x² + 21 = 10x ne, mai amsa 3 da 7. Bi matakansa da namu: rabin 6 shi ne 3, ninka shi da kansa 9, ɗebe 4 saura 5, ɗauki saiwarta, ƙara a kan 3 ko ka rage daga 3. Bayansa Abu Kamil na Masar ya saki jiki da irin waɗannan saiwoyi, yana karɓarsu a matsayin amsa har ma a matsayin 'yan rakiya. Wato ikweshan ɗin da na rikita yarinyar da shi da farko ba wasa ba ne, malamai sun yi aiki da irinsa fiye da shekara dubu da suka wuce.

Kafin mu bar shafin na ba ta wani gwaji da kalkuleta, don ta ga tagwayen suna aiki tare. Ninka 3 + √5 da kanta: 27.416. Sake ninkawa da ita: 143.554. Sake: 751.659. Yi wa 3 − √5 haka: 0.584, sai 0.446, sai 0.341. Haɗa kowace da 'yar'uwarta: 28, 144, 752. Duk tarkacen bayan ɗigo ya share. Kuma jerin 6, 28, 144, 752 yana ɗauke da lambobin da gara ta ci: kowace ita ce 6 sau ta bayanta, a ɗebe 4 sau wadda ke bayan waccan. Shida sau 144 shi ne 864, a ɗebe huɗu sau 28, wato 112, saura 752. Ta lissafa ta gaba da hannu ta sami 3936, sannan ta tambayi kalkuleta, kalkuleta ta yarda.

Tambaya ta gaba a shafin ta fi lalacewa, domin a nan gara ta fara ne daga gefen takarda. Farkon ikweshan ya tafi duka, har da x². A ƙasa amsa ɗaya ta tsira: 1 + √7, duka bisa 3. Wannan karon ita ta ja gaba. Ta tabbatar 7 ba murabba'in wata cikakkiyar lamba ba ce, ta ce hujjar biyar-biyar za ta yi aiki da bakwai-bakwai. Ta rubuta ɗan tagwayen, 1 − √7 bisa 3. Jimla 2 bisa 3. Ninki 1 a ɗebe 7, bisa 9, wato −6 bisa 9, wato −2 bisa 3. Ta ninka komai da 3 don a kori kaso:

3x² − 2x − 2 = 0

Ta ce an gama. Na ce ta ninka layin duka da 2, ta ga ko amsoshin sun canza. Ba su canza ba. Da 5 ma haka, da 10 ma haka. A tambayar farko x² ta tsira ita kaɗai ba lamba a gabanta, shi ya sa amsar ta zama guda tak. A nan kuwa amsoshin ba su isa su faɗi wanne aka rubuta ba. Iyakar abin da suke bayarwa shi ne yadda 'yan rakiyar uku suke da juna, 3 da −2 da −2. Lissafi ya kai iyakarsa, sai a koma ga takarda. Ta ɗaga shafin ta fuskanci hasken ƙofa. A bakin ramin ta dama, gab da alamar daidai, akwai ragowar baƙi: ɗan layin ɗebewa, da lamba mai kusurwa wadda ba za ta zama komai ba sai 4. In na ƙarshe −4 ne, an ninka da 2 ke nan. Abin da yayanta ya kwafa shi ne 6x² − 4x − 4 = 0.

A ƙasan shafin akwai ta ƙarshe, an yi mata tauraro, kuma gara ba ta taɓa ta ba. Yayan ne bai amsa ba, ya bar wurin fari fat. An ce a nemo ikweshan mai cikakkun 'yan rakiya wanda √2 + √3 amsarsa ce. Ta fara da canza alama: √2 − √3. Ninkinsu ya yi kyau, 2 a ɗebe 3, wato −1. Amma jimlarsu 2√2, ba cikakkiya ba. Ta juya alamar ɗayar, jimla ta zama 2√3. Ba ta ɓulle ba. Ta koma hanyar farko, ta sa lambar a gurbin x: murabba'inta 5 + 2√6. Nan matsalar ta fito fili. Ga √6 ta bayyana, kuma px ba ta kawo komai sai √2 da √3, q kuwa cikakkiya ce. Babu mai kashe √6. Kwadiratik ba zai ɗauki wannan lamba ba ko an yi yaya.

Amma tambayar ba ta ce kwadiratik ba, wani layin ke nan da ya kamata a karanta a hankali. Sai ta bi gajeriyar hanya. In x² ita ce 5 + 2√6, to x² − 5 = 2√6. A sake ninka kowane gefe da kansa: x⁴ − 10x² + 25 = 24. Wato:

x⁴ − 10x² + 1 = 0

Sau biyu aka yi ninkin da ke ɓatar da alama, saboda haka alamar √2 ta ɓace, ta √3 ma ta ɓace, kowacce da kanta. 'Yan'uwan sun zama huɗu: √2 + √3, da √2 − √3, da −√2 + √3, da −√2 − √3. Nazarin waɗanne amsoshi ne za a iya musanyawa ba tare da ikweshan ya lura ba shi ne aikin da Évariste Galois ya bari kafin ya mutu a 1832 yana ɗan shekara 20, kuma ɗaliban lissafi na jami'a suna haɗuwa da shi da sunansa. Ita dai ta gwada huɗun a kalkuleta, 3.146 da −0.318 da 0.318 da −3.146, ta tara su ta sami sifili, ta ninka su ta sami 1 in ban da ɗan ɓarin da yanke lambobi ya jawo, sannan ta cike wurin da yayanta ya bari.